Ɗiyan Malam Siddiƙu

A duk faɗin birnin Sakkwato, daga Hubbare har bakin gulbi, ba a yi mutumin da ya kai Malam Siddiƙu na Ƙofar Atiku yawan 'ya'ya ba. Akwai su a Sakatariya, akwai su a kwastan, akwai su a banki da asibiti da gidan rediyo. Wasu ma sun sa kaki suna ba da umurni a jihohin da shi bai taɓa takawa ba. Da bakinsa yakan faɗi haka, kuma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Abin da ya rage a ƙara kawai shi ne, a gidansa tabarma ɗaya ake shimfiɗawa, kwano ɗaya ake wankewa, kuma shi ke wanke shi.

Malamin Hausa ne a Sakandaren Tudun Aduwa, makarantar kwana ta maza da ke bayan gari. Ɗan gidan malamai ne. Kakansa ya karantar da fiƙihu a zaure, mahaifinsa ya gaje shi, shi kuma aka miƙa shi ga boko a shekarar da hukuma ta nemi yaro ɗaya daga gidan, don shi ne wanda ba ya gardama. Daga nan bai sake fita daga aji ba, sai dai ya tashi daga benci ya koma gaban allo.

Aikinsa shi ne koya wa Hausawa Hausa. Yara kan zo masa daga Wurno da Gwadabawa da Tambuwal da cikin birni, kowannensu yana jin Hausa tun kafin ya yi haƙori, shi kuma ya sanar da su cewa abin da suka tsotsa a nono ba zai ci jarrabawa ba. Masu jarrabawa daidaitacciyar Hausa suke so, ita kuwa a kan bakin Kano aka ɗora ta. Yaro zai rubuta "munka tahi", Malam ya sa jan biro ya kashe, ya rubuta "muka tafi" a sama. Gobe yaron ya sake, Malam ya sake. Haka ya yi shekara ashirin da ɗoriya, har ɗalibai suka raɗa masa suna Malam Muka. Ya san da sunan. A ransa yana ganin akwai malaman da aka raɗa wa wanda ya fi shi muni.

Tun yana gyara bakin yara har ya gyare nasa. A majalisar ƙofar gida, in ya ce "na faɗa maka" sai a dubi juna, wani ya ce, "Bakanon Ƙohwar Atiku ya hwara." Raha ce, amma raha in ta yi shekaru takan gina katanga. Sannu a hankali ya rage zama, aka rage nemansa. Matarsa Kaltume kaɗai ce yake sakin baki da ita in ya shiga gida, ya yi magana yadda uwarsa ta koya masa. Allah bai ba su haihuwa ba. Ya ba su zaman lafiya, wanda mutanen unguwa ba su ɗauka a bakin komai ba tunda ba a yanka masa rago. Da Kaltume ta rasu, sai ya zama babu sauran wanda Malam ke yi wa kuskure.

Yayarsa Inno ce ke aiko masa da tuwo, wani lokaci ta kawo da kanta don ta haɗa da faɗa.

"Siddi, mi kaka jira? Kai ɗai cikin gida awa jemage. In ka hwaɗi wa ka ɗaukar ka?"

"Yaya, ai ina da 'ya'ya. Sun fi na kowa a unguwar nan."

"To, su zaka su ɗebo maka ruwa. Randa ta ƙahe."

Sai ya yi murmushi ya ɗauki bokiti.

Shekarun nan ne kuɗin mai suka faɗo wa ƙasa kamar ruwan da ba a shirya wa ba. Sojoji na mulki, kowa na gini. Ɗakin malamai na Tudun Aduwa ya koma kamar tashar mota, kowa zaune yake a kan jakarsa. Malam Junaidu mai lissafi, wanda suka yi shekaru suna raba goro ɗaya da Malam Siddiƙu, ya ajiye alli ya kama sayar da siminti. Mai tarihi ya tafi kwastan. Mai labarin ƙasa ya samu kujera a ma'aikata, ya daina amsa sallamar masu keke. Aka cike guraben da Indiyawa da Misirawa da mutanen Gana, da 'yan bautar ƙasa waɗanda tun ranar isowarsu suke tambayar hanyar komawa. Mutanen kirki ne, suna gaishe shi da ladabi. Sai dai in an tashi shan iska, kowa ya ja nasa su koma yarensu, Malam ya zauna kusa da taga da tulin littattafan yara da jan bironsa. A makarantar da ke tsakiyar ƙasar Hausa, malamin Hausa ne ba shi da abokin hira.

Ɗalibai ma sun fara tambayar da a da ba a yi. Me karatu zai ba mutum wanda kwangila ba ta ba shi ba? Suna da hujja mai ƙafa huɗu, tana wucewa ta gaban makaranta tana ba su ƙura. Wani Arzika, wanda ya bar makarantar tun yana aji uku bayan ya faɗi kusan komai har da Hausa, an ce yanzu ɗan kwangila ne, yana shiga mota Fijo. Malam ya tuna shi sarai, domin shi kaɗai ne ya taɓa yi masa musu a aji. "Mallam, muka ai na yanzu na. Muka tahiya. In abu ya wuce, munka aka cewa." Gaskiya yaron ya faɗa, a bakin Sakkwato haka abin yake, kuma Malam ya ba shi sifili. Tun daga lokacin yakan kawo labarinsa a aji, ba tare da ambaton suna ba, a matsayin misalin wanda ya yar da rabonsa.

Kowace shekara, a darasinsa na ƙarshe da 'yan aji biyar, Malam kan rufe littafi ya yi musu jawabi. Jawabin ɗaya ne, sai ɗan gyaran da shekaru suka yi masa. Yakan ce dukiya baƙuwa ce, da takalminta take kwana. Mulki kuwa sun gani da idonsu, a kwanta da wani shugaba a tashi da wani. Sannan ya sassauta murya ya kawo maganar da ya fi so: "Ilimi ba ya barin mai shi shi kaɗai." Yara su yi tsit, wasu har idonsu ya kawo ruwa, su yi masa alkawarin ziyara. Sun kuwa riƙa ziyartarsa, duk lokacin da suke bukatar wanda zai sa musu hannu a takardar shaida.

Bai taɓa yin jawabin nan a gaban taro ba. Bikin yaye ɗalibai da Turanci ake yin sa, malamin Hausa aikinsa a ranar shi ne nuna wa iyayen yara inda za su yi alwala.

A shekarar 1977 lokacin ritayarsa ya yi. A shekarar ce kuma aka kawo sabon firinsifal, Alhaji Abdulwahabu, Bakano, mai digiri daga ƙasar waje. Mutum ne mai kirki, kuma yana son a lura da hakan. Ya kira Malam ofis ya ce bana za a karya al'ada, za a ba shi ɗan lokaci a wurin biki ya yi wa ɗalibai bankwana da Hausa, a lasifika, a gaban baƙi.

Malam ya fito daga ofis bai san inda ya ajiye hularsa ba, alhali tana kansa. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Idan zai faɗi maganar nan a gaban jama'a, to bana ba da baki kaɗai zai faɗe ta ba. Zai nuna da hannu. Zai ce wa yara, ku dubi can, ga waɗanda na koyar, sun bar ofisoshinsu sun zo. Inno ma ta gani.

Ya hau kekensa ya shiga zagayen ofisoshi. Ya zauna a bencin jira na Sakatariya, ya zauna a na banki, ya zauna a na asibiti tare da marasa lafiya. Masinjoji suka riƙa tambayarsa ko aiki yake nema wa wani. Waɗanda ya samu gani sun tashi tsaye, sun ba shi hannu biyu, wasu sun sa an kawo masa lemo mai sanyi. Waɗanda ke nesa ya aika musu. Bai nemi kowa ba sai waɗanda suka gama da sakamako mai kyau, don su ne hujjarsa. Kuma dukansu, cikin tsabtatacciyar Hausar da ya koya musu, suka ba shi amsa iri ɗaya.

"Ma zo, Malam."

Shi ne ya karantar da su bambancin "za mu zo" da "ma zo". Na farko niyya ce, na biyu kuwa fata ce da aka jingina wa hali. Ya sha rubuta wannan a allo har da ja masa layi. Amma mai koyar da nahawu ma mutum ne, ya ji abin da yake son ji.

Ranar da ya gama zagayen ya dawo makaranta da gumi, zuciyarsa fari ƙal. Suka yi kiciɓis da Firinsifal a baranda.

"Malam, iyali za su zo dai ko? A faɗa mana mu tanadi wuri."

"Ranka shi daɗe," in ji Malam, "ɗiyana dut suna tahe."

Farin ciki ne ya kwance masa baki. Shekara da shekaru yana tsare da harshensa kamar mai gadin kurkuku, ranar nan ɗaya ya yi gyangyaɗi. A Sakkwato in mutum ya ce ɗiyana, 'ya'yansa yake nufi gaba ɗaya, maza da mata. A kunnen Bakano kuwa ɗiya mace ce. Firinsifal ya ji "suna", ya ƙaddara cewa matan da yawa ne, haka mutanen nan ke jam'insu.

"Masha Allah. Suna da yawa ne?"

"Ƙwarai kuwa."

"Duk sun yi karatu?"

"Da hannuna na koyar da su. Akwai likita, akwai mai shari'a, akwai na banki. Akwai ma soja."

"Har soja?"

"Har soja."

"Ikon Allah," in ji Firinsifal. Ya dubi Malam da wani sabon girmamawa. Ga dattijo ɗan gidan malamai a tsakiyar Sakkwato, ya kai 'ya'yansa mata har barikin soja, kuma bai taɓa yin fariya ba. Irin wannan ai ba a ɓoye shi. Ya wuce kai tsaye wurin malamar da aka ɗora wa shirya wurin zama, wata 'yar Indiya mai koyar da kimiyya da kowa ke kira Madam, ya yi mata bayani da Turanci. Kalmar ta tashi daga Sakkwatanci ta bi ta Kananci ta sauka a Turanci, ba ta haɗu da Basakkwace ko ɗaya a hanya ba.

A kan keke, hanyar gida, Malam ya tuna ya ce "dut" da "tahe", ya ji kunya, ya gyara su a ransa. "Ɗiya" kuwa ko kaɗan ba ta faɗo masa a jerin kurakurai ba. Kalmar da Kaltume ke roƙon Allah da ita ce.

Aka yi bikin ranar Asabar, ƙarshen bazara, ana zafi kamar a toya ƙwai a ƙasa. Hadari ya taru a gabas ya tsaya yana kallo. Firinsifal ya ce bana ba za a zaunar da baƙi a bencin aji ba, an ɗauko hayar rumfunan tamfol da kujerun ƙarfe daga gari. Maza a dama, mata a hagu, ɗalibai a tsakiya cikin fararen kaya. A sahun gaba na ɓangaren mata an jera wasu kujeru masu katifa, an kewaye su da jan ƙyalle.

An zaunar da Malam a babban tebur, karo na farko a rayuwarsa, cikin babbar rigar da ya ɗaura aure da ita. Daga can ya hango Inno ta iso da mayafinta na unguwa, ta nufi kujerun katifa, Madam ta tare ta tana kaɗa hannu, ta mayar da ita baya. Bai san dalili ba, kuma hankalinsa ba a can yake ba. Yana ƙofar makaranta. Duk motar da ta shigo sai ya ɗan ɗaga daga kujera. A buɗe ƙofa, uban wani ɗalibi ya fito. Ya koma ya zauna. Ya bi ɓangaren maza da ido sahu sahu, kamar mai kiran suna a aji, ya sake bi daga baya. Ya ga fuskoki da yawa da ya sani. Babu ɗaya da ya gayyata.

Babban baƙo, wani Manjo da ke wakiltar gwamnati, ya iso a makare. Ya yi jawabi da Turanci a kan ɗa'a da kiyaye lokaci, ya raba kyaututtuka, ya duba agogo, ya tafi. Rabin babban tebur suka bi shi don yi masa rakiya, ba su dawo ba.

Sannan Firinsifal ya kama lasifika ya juya harshe zuwa Hausa. Ya yabi Malam Siddiƙu, ya ambaci shekarunsa na aiki da haƙurinsa. Ya ce amma akwai abin da ya fi wannan, wanda Malam saboda kawaici bai taɓa faɗa ba.

"Wannan bawan Allah," in ji shi, "ya ilmantar da 'ya'yansa mata gaba ɗaya. A cikinsu akwai likita, akwai mai shari'a, har da soja. Iyaye, ku yi koyi. Ga kujerunsu can mun tanada, muna sa ran isowarsu kowane lokaci."

Ya nuna da hannu. Kowa ya juya ya dubi kujerun katifa.

Taron Sakkwatawa ne. Babu wanda bai san gidan Malam ba, babu wanda bai san Kaltume ta koma ga Allah ba ta bar ko ɓari ba. Wani dattijo ya yi gyaran murya ya dubi ƙasa. Can cikin ɗalibai wata murya ta ce, ba da ƙarfi ba, "Mallam ya haihu ba mu jiya ba." Dariya ta taso daga baya, ta bi sahu tana mutuwa tana farfaɗowa. Inno ta ja mayafi ta rufe fuska.

Malam ya gane abin da ya faru tun kafin Firinsifal ya sauke hannu. Ya ga kalmar a gabansa kamar an rubuta ta a allo. Hanya biyu ce gare shi, kuma ya auna su yana tafiya zuwa lasifika. In ya yi shiru, ya zama tsohon da ya ƙirƙiro wa kansa 'ya'ya. In ya gyara, dole ya faɗi su wa yake nufi, kowa kuma ya ga ba su zo ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana gyara ba ya iya wuce kuskure, ko da nasa ne.

"Aji biyar," in ji shi. Daga jin muryarsa, dariya ta ɗauke, don muryar aji ce. "Ga darasi na ƙarshe. Kalmar ita ce ɗiya. A Kano mace ce guda ɗaya. A nan kuwa duk abin da mutum ya haifa ko ya rena ne, maza da mata. Firinsifal bai yi kuskure ba, ni na yi masa magana da bakin gida. Waɗanda nake nufi su ne yayyenku da suka zauna inda kuke zaune. Na gayyace su. Aiki ya yi musu yawa. In ta fito a jarrabawa, ta Kano za ku rubuta."

Daga nan ya yi jawabinsa, bai rage komai ba. Ya faɗi ta dukiya da takalminta. Ta mulki ya faɗe ta yana duban kujerar da Manjo ya bari. Da ya iso maganar ƙarshe, hannunsa ya ɗaga da kansa zai yi nuni, kamar yadda ya yi ta gwadawa a tsakar gida. Bai sami inda zai nuna ba, sai ya gyara hula da shi.

"Ilimi," in ji Malam, "ba ya barin mai shi shi kaɗai."

Aka yi tafi mai ƙarfi. A daidai lokacin ne kuma aka fara shigo da akwatunan lemo, don haka ba a iya rabe wanda aka yi domin wane.

Makaranta ta ba shi kyautar agogon bango, yanzu da ba shi da sauran inda zai makara. Bayan an tashi Firinsifal ya same shi a gefe, fuskarsa duk a dame.

"Malam, wallahi ban sani ba. Ka yafe ni. Amma me ya sa ba ka faɗa mini da Hausa ba?"

"Da Hausa na faɗa, ranka ya daɗe."

Inno ta zo wucewa, ta tsaya ta dube shi. Ya jira faɗa. Ba ta yi ba.

"Taho mu tahi gida, Siddi."

"Yi gaba, Yaya. Yau Asabar, ɗaurin aure ya yi yawa a gari. Wataƙila wani ya biyo daga baya, kada ya tarar ba kowa."

Ta tafi.

Fili ya watse. Ɗalibai suka ja akwatunansu zuwa bakin titi, wasu suka ɗago masa hannu daga nesa. Wata babbar mota ta shigo da leburori, suka fara kwance rumfuna suna loda kujeru. Malam ya rasa inda zai tsaya bai tare musu hanya ba, sai ya tsallake jan ƙyallen ya zauna a ɗaya daga kujerun katifa, agogo a cinyarsa. Da taushi kuwa. Madam ta yi zaɓi mai kyau.

La'asar ta yi sanyi sai ga wata Fijo ta shigo, ta tsaya a gindin darbejiya. Wani ƙaton mutum ya fito cikin shadda, ya dubi fili, ya hango shi. Sai ya cire takalmi tun daga nesa, ya taho ya durƙusa har ƙasa, shaddar na shan ƙura.

"Mallam. Allah shi gafarta Mallam. Ba ka gane ni ba?"

Malam ya duba. Ƙiba ta canza fuskar, amma ba ta taɓa idanun ba.

"Arzika."

"Shi na, Mallam. Wanda kab ba sihili."

"Tashi mana, ka ɓata rigarka."

"Ina, ban tashi. Mallam, har yau hwa ban iya muka ɗin nan ba. In nir rubuta takarda sai akawuna ya bi ta da biro, awa kai." Ya yi dariya har kafaɗunsa na rawa. "Amma ko'ina ni shiga, Legas ko Kaduna, in anka ce wa ak karantar da kai, sai in ce ni ɗan Mallam Muka na. Ba ni da wani uba a boko in ba kai ba."

Malam ya dubi agogon da ke cinyarsa na ɗan lokaci, don akwai abin da ya shiga masa ido.

"Wa ya gaya maka yau ne?"

"Ai tun makon jiya ni san da bikin ga, Mallam. Na so in iso da wuri, aiki yar riƙe ni."

"Ban aika maka ba."

"Wa ka aika ma ɗa goron gayyata gidan ubanai?"

Arzika ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ya ƙi hawa kujera. Suka yi hira. Ya tambayi Inna Kaltume, aka gaya masa, ya yi salati ya yi addu'a mai tsawo. Ya tuna wa Malam ranar musun nan, Malam ya ce, "Kai ka da gaskiya, ɗana," bai kuma gyara ba. Tunda bai samu jin jawabi ba, Malam ya maimaita masa ƙarshensa, a hankali, ba lasifika. Arzika ya saurara kansa a sunkuye.

"Gaskiya ta, Mallam," in ji shi. "Wallahi gaskiya ta."

A bayansu leburori sun gama da ɓangaren maza, sun gama da na mata, sun naɗe jan ƙyalle, sun kwashe kujerun katifa ɗaya bayan ɗaya. Suka tsaya jikin mota suna jira. Ɗayansu ya matso, Arzika ya ɗaga masa hannu ba tare da ya waiwaya ba, ya koma. Malam ya lura da haka, ya ji daɗi. Yaro ya zama babban mutum, har leburorin wasu na jin maganarsa.

Sai da aka fara kiran magariba daga cikin gari sannan Malam ya ce bari ya kama hanya. Arzika ya ce a sa keke a but ɗin mota ya kai shi, Malam ya ce a'a, ƙafa ta saba. A ransa yana shirya yadda zai gaya wa Inno. Ɗaya ya zo. Ba likita ba ne, ba soja ba ne, amma ya zo, ya durƙusa a ƙasa da shaddarsa. Ɗaya ma hujja ce.

Arzika ya kama masa hannu ya miƙe, ya karɓi agogon ya ɗaure masa a bayan keke da kansa, ya riƙe keken har ya hau.

Malam bai kai ƙofar makaranta ba aka ɗauki kujerar aka jefa a mota. Ita kaɗai ta rage. Kujerun na Arzika ne, haya ya bayar, kuma gobe da safe akwai suna a Ƙofar Dundaye.